Kwamfuta 275 a zaure ɗaya, wasu sun ƙi samun adireshin IP: da gaske sai mun sayi "ajin B"?

Malamin Kwamfuta, Funtuwa:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san harkar netwok, domin abin da ke gabana ya wuce abin da na karanta.

Ni ke koyar da kwamfuta a wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Funtuwa, kuma ɗakin kwamfutar yana hannuna. Tun bara muna da kwamfutoci 200 a babban zaure, kowace an ja mata kebul zuwa suwic, wato akwatin da ke haɗa kwamfutoci da juna, su kuma suwic ɗin sun tattaru a jikin rauta ɗaya da ke ofishina, na'urar da ke haɗa mu da intanet. Akwai uwar garke guda, wato babbar kwamfutar da muka ɗora wa manhajar gwajin jarrabawa, adireshinta 192.168.1.10. Yaro ya zauna, ya buɗe burauza, ya rubuta lambar nan, tambayoyi su fito. Haka muke ta yi lafiya lau.

Mai makarantar yana da burin cibiyar ta samu amincewar JAMB, sai ya ƙaro kwamfutoci 75, domin a samu 250 na aiki da 25 na ko-ta-kwana. Tun da aka jona su abin ya rikice. Kullum da safe sai a samu wasu sun ƙi buɗe shafin jarrabawar, wata rana ashirin da 'yan kai, wata rana har arba'in. Kuma ba kwamfutocin jiya ne ke ƙi yau ba. Abin da na lura da shi kawai, layin da aka kunna a ƙarshe shi ne ke shiga matsalar, ko tsofaffin ne ko sababbin. In na rubuta umarnin ipconfig, mai nuna adireshin kwamfuta, a jikin mai lafiya sai in ga 192.168.1.57, a ƙasa 255.255.255.0, sai getwe, wato ƙofar fita daga netwok, 192.168.1.1. A jikin wadda ta ƙi kuwa sai in ga irin su 169.254.37.112, a ƙasa 255.255.0.0, gurbin getwe kuma fayau.

Yaron da ya yi mana aikin kebul ya zo ya duba, ya ce "ajin C ne ya cika." Ya ɗauki kwamfuta talatin ya rubuta musu 192.168.2.1 zuwa 192.168.2.30 da hannu. Yanzu su talatin ɗin suna ganin junansu in an yi ping, wato gwajin kiran wata na'ura a ga ko za ta amsa, amma ba sa ganin uwar garken, ba sa shiga intanet. Da na kira shi ya ce maganin kawai shi ne mu koma ajin B, kuma ya faɗi kuɗin da za a kashe. Mai makarantar ya ce in bincika kafin ya fitar da ko kwabo.

To a wurin wa ake sayen ajin B? Me ya sa 192.168.2 ba ta ganin 192.168.1 alhali duk a jikin suwic ɗaya suke? Abin da ya fi damuna shi ne, ni da kaina nake koya wa 'yan SS2 teburin nan da ya kasa adireshin IP zuwa ajin A da B da C, suna haddacewa suna cin maki, ina so in iya tsayawa a gabansu in nuna musu abin da teburin yake nufi a cikin zauren da suke zaune. Don Allah a yi min bayani dalla-dalla.

Tsohon Injiniya, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada a fitar da kuɗi. Babu abin saya a nan, lamba ɗaya za a canza, amma tunda kai malami ne bari in bi da kai tun daga tushe.

Adireshin IP da kake gani guda huɗu da ɗigo a tsakani, a wurin kwamfuta bit 32 ne a jere, sifili da ɗaya. An yanka su takwas-takwas ne don idon mutum. Bit takwas ba sa iya ɗaukar abin da ya wuce 255, shi ya sa ba za ka taɓa ganin 192.168.1.300 ba. Kowane adireshi kuma kashi biyu ne: farkonsa sunan unguwa, ƙarshensa lambar gida. Lambar nan ta biyu da ipconfig ke nuna maka, 255.255.255.0, ita ce maski, kuma aikinta ɗaya tak, ta faɗa wa kwamfuta inda sunan unguwa ya ƙare. Inda maski ya ce 255, wurin na netwok ne. Inda ya ce 0, na na'ura ne. Saboda haka a zaurenku 192.168.1 sunan netwok ne, abin da ya rage wa na'urori shi ne gurbin ƙarshe kaɗai, 0 zuwa 255, wato lamba 256. Ta farko, 192.168.1.0, sunan netwok ɗin kansa ce, ba a ba kowa. Ta ƙarshe, 192.168.1.255, ta shela ce, saƙon da aka aika mata kowa zai ji. Saura 254. Cire rauta, cire uwar garke, cire firinta in akwai. Kai kuma kana da kwamfuta 275, ban da wayoyin malamai da ke hawa waifai ɗin rautar, don kowace waya ita ma adireshi take ci. Nan ne bambancin ashirin da arba'in ɗin ya fito: ranar da malamai suka cika ofis, kwamfutocin da za su rasa sun fi yawa.

Abin da ka lura da shi game da layin ƙarshe daidai ne, kuma shi ne babbar shaida. A cikin rautar akwai DHCP, mai raba adireshi. Kwamfuta in ta tashi ba ta da lamba, sai ta yi shela tana neman mai rabawa, ya yi mata tayin ɗaya, ta ce ta karɓa, ya tabbatar mata, ya rubuta a littafinsa cewa ya ara mata na wani lokaci. Wanda ya riga zuwa shi ke samu. In lambobi suka ƙare, shelar kwamfutar ba ta samun amsa, sai Windows ta zaɓa wa kanta wani adireshi daga cikin 169.254, wanda aka keɓe musamman don irin wannan hali. Duk ranar da ka ga 169.254 a jikin na'ura, fassararsa ɗaya ce: ta nemi DHCP ba ta samu ba. Ko lambobi sun ƙare, ko kebul ya tsinke a wani wuri tsakaninta da rauta, ko rautar a kashe take.

Sai batun talatin ɗin nan. Kafin kwamfuta ta aika komai, sai ta ɗora maskinta a kan adireshinta da na wanda za ta aika wa, ta duba ko sashen netwok ɗinsu ɗaya ne. In ɗaya ne, sai ta yi shela a cikin suwic: "wa ke da 192.168.1.10?" Uwar garke ta amsa da lambar katinta na netwok, wato MAC, magana ta ƙullu kai tsaye, rauta ma ba ta sani ba. Wannan shi ake kira ARP. In kuwa ba ɗaya ba ne, ba ta ma yin shelar, sai ta miƙa saƙon ga getwe ya san yadda zai yi da shi. To kwamfutar da aka ba 192.168.2.15 da maski 255.255.255.0 tana ganin 192.168.1.10 baƙuwa ce. Ta juya neman getwe, shi ma 192.168.1.1 ne, wajen netwok ɗinta. Ba ta da hanya. Zaman su a suwic ɗaya bai canza wannan lissafin ba, domin suwic bai san IP ba, MAC kawai ya sani.

Magani shi ne a faɗaɗa maski. Amma a nan ne mutane da yawa ke zamewa, don haka ka kula. Wani zai ce maka ka sa 255.255.254.0, zai ba ka na'ura 510, ya ishe ka. Gaskiya ne yana ba da 510, sai dai ba zai haɗa 1 da 2 ba. Duba gurbi na uku a rubuce da bit:

1 shi ne 00000001
2 shi ne 00000010
254 shi ne 11111110
252 shi ne 11111100

Maski 254 ya saki bit ɗaya ne kawai, na ƙarshe. In ka rufe bit na ƙarshe, 1 ta koma 0, amma 2 tana nan a 2. Ke nan 254 tana haɗa 0 da 1, ko 2 da 3, ko 4 da 5, ba ta haɗa 1 da 2. Maski 252 kuwa ya saki bit biyu, sai 0 da 1 da 2 da 3 duk su zama abu ɗaya. Shawarata ita ce 255.255.252.0. Netwok ɗinka zai tashi daga 192.168.0.0 zuwa 192.168.3.255, na'ura 1,022.

Na zaɓi wannan ne saboda ba sai ka taɓa abin da yara suka saba da shi ba. Rauta ta zauna a 192.168.1.1, uwar garke ta zauna a 192.168.1.10, maskinsu kawai za ka canza. Sai ka ce wa DHCP ya riƙa rabawa daga 192.168.2.1 zuwa 192.168.3.254, lamba 510 ke nan, ka bar dukan 192.168.1 ga na'urorin da kake rubuta wa da hannu. Talatin ɗin nan kuma a mayar da su su riƙa karɓa da kansu, in ba haka ba DHCP zai iya ba wata kwamfutar lambar da tuni tana jikin ɗaya daga cikinsu, su biyun su yi karo. Kada ka manta da uwar garken. Na sha ganin an gyara komai an bar ta da tsohon maski, tambaya tana isa gare ta amma amsarta ba ta dawowa daidai. Bayan ka gama, ko a sake kunna kwamfutocin, ko a rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew.

Aji kuwa, tun 1993 aka daina aiki da shi. Rautarka ba ta san wani abu wai ajin C ba, maski kawai ta sani.

Malamar Netwok, Zariya:

Injiniya, ranka ya daɗe, lissafinka ba gyara. Amma jumlar ƙarshen nan ina so in ɗan tsaya a kanta, saboda Malam zai koma aji ne, kuma yaransa za su haɗu da teburin nan a takardar jarrabawa ko muna so ko ba ma so. Ni ina koyar da shi duk shekara, sai dai ina koyar da shi da kwanan wata a jikinsa.

Malam, tsarin aji ya fito ne a watan Satumba na 1981, a cikin takardar ƙa'idar intanet RFC 791 wadda Jon Postel ya shirya a Amurka. A lokacin ba a aika maski tare da adireshi. Bit ɗin farko-farko na adireshin su ke faɗa maka girman netwok. In bit na farko 0 ne, ajin A ne, lambar farko 1 zuwa 126, gurbi ɗaya na netwok, uku na na'ura, na'ura 16,777,214. In ya fara da 10 a bit, ajin B ne, 128 zuwa 191, biyu da biyu, na'ura 65,534. In ya fara da 110, ajin C ne, 192 zuwa 223, na'ura 254. Daga baya aka keɓe 224 zuwa 239 a matsayin ajin D don aika saƙo ɗaya ga rukunin na'urori, 240 zuwa sama kuma ajin E, an ajiye su. Ita 127 da aka tsallake ta na'ura ce da kanta: ka sa yara su yi ping 127.0.0.1 bayan sun zare kebul, za su ga amsa tana dawowa, su kan yi mamaki sosai. In ka nuna musu cewa 128 ita ce 10000000, 192 kuma 11000000, ba sai sun haddace iyakokin ba, da kansu za su fitar da su.

Abin da ya kashe tsarin kuwa, shi ne ainihin abin da ya same ka a zaure. Ma'aikata mai kwamfuta 275 ajin C ya yi mata kaɗan. Abin da ke sama da shi sai ajin B, 65,534. Babu tsaka-tsaki. Sai a ba ta B, ta yi amfani da 'yan ɗaruruwa, sauran dubban su zauna a banza, kuma duka-duka ajin B ɗin 16,384 ne a duniya. Manyan kamfanonin da suka shigo da wuri an ba su ajin A sukutum: har yau duk adireshin da ya fara da 17 na Apple ne, 19 kuma na Ford. Dukan adireshin IPv4 kuwa, wato irin mai bit 32 ɗin nan, 4,294,967,296 ne, ba su kai yawan mutanen duniya ba. Da aka ga ajin B na neman ƙarewa sai aka fito da CIDR a 1993, aka ce a yanka netwok a duk inda ake so, a rubuta yawan bit ɗin netwok bayan sanda. Naka na da /24 ne, wanda Injiniya ya ba ka /22 ne. Ko da hakan, a ranar 3 ga Fabrairu 2011 IANA, hukumar rabon adireshi ta duniya, ta raba ragowar manyan kason da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar. Tamu ta Afirka ita ce AFRINIC, mazauninta a Morishiyos. Sabon tsarin adireshi IPv6 mai bit 128 don wannan ƙarancin aka yi shi.

Ga inda na bambanta da Injiniya: aji ya mutu a cikin rauta, amma bai mutu a bakin mutane da cikin wasu manhajoji ba. Gwada da kanka. Buɗe wurin rubuta adireshi da hannu a tsohon allon Windows, rubuta 10.1.1.5, ka danna gurbin maski, za ta cika maka 255.0.0.0. Rubuta 172.16.1.5, ta sa 255.255.0.0. Rubuta 192.168.2.5, ta sa 255.255.255.0. Ina kyautata zaton abin da ya faru da yaron da ya yi muku aiki ke nan, Windows ta cika masa maskin ajin C ya bar shi yadda yake. Wanda bai san tarihin aji ba ba zai gane daga ina lambar ta fito ba, wanda kuma aji kaɗai ya sani zai ɗauka dole ce.

Tambayarka ta saye kuma tana da amsa a rubuce. A watan Fabrairu na 1996 takardar RFC 1918 ta ware kaso uku don amfanin cikin gida: duk abin da ya fara da 10, sai 172.16 zuwa 172.31, sai duk abin da ya fara da 192.168. A harshen da, na farko ajin A ɗaya ne, na biyu ajin B goma sha shida, na uku ajin C 256. Kowa na iya amfani da su ba tare da izinin kowa ba, domin ba sa fita intanet. Makarantarku da wani shago a Legas da wani gida a Yamai duk za su iya zama 192.168.1.10 a lokaci guda. In saƙo zai fita, rauta ce ke cire adireshin cikin gida ta sa nata na waje, ta riƙe lissafin wanda ya aika don ta mayar masa da amsa, wato NAT. Saboda haka ko da a ce ajin B kuke so, 172.16.0.0 na nan kyauta. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne adireshin waje, wanda kamfanin intanet ke bayarwa, kuma ba shi ne matsalarku ba.

Roƙona ɗaya, kada a yi gaggawar yi wa yaron nan hukunci. Rabin maganarsa gaskiya ce, lambobin sun ƙare. Teburin aka koya masa ba a koya masa maski ba, kuma haka da yawa daga cikin ɗalibai suke zuwa mana.

Mai Gyara, Farm Centre, Kano:

Manya sun gama magana, ni dai abin da nake gani a wurin aiki zan ƙara.

Malam, wace irin rauta ce a ofishin naka? In irin 'yar ƙaramar nan ce ta gida mai eriya biyu, ka shirya, wata ba za ta yarda da abin da Injiniya ya ce ba. Akwai waɗanda gurbi uku na farko a kulle suke a wurin saita DHCP, lambar ƙarshe kawai za ka iya canzawa. Wasu ma daga masana'anta lamba ɗari kawai suke rabawa, 100 zuwa 199. Tunda 200 sun yi aiki a wurinka, wani ya taɓa buɗe ta, amma ka shiga ka gani da idonka.

Ka raba wayoyin malamai da zauren jarrabawa. Wannan ko lambobi sun wadata. Waya ta shigo da safe ta karɓi adireshi, mai ita ya tafi gida, adireshin yana nan a rubuce da sunanta har lokacin aron ya ƙare, a rauta da yawa kwana guda ne. Ka ba su tasu rautar da nata lambobin, misali 192.168.50.1, ka jona ta ta ramin WAN, wato na shigowar intanet, ba ta ramin LAN na cikin gida ba.

Wannan na ramin LAN ɗin shi ne abin da ya fi ba ni wahala a wuraren da nake zuwa. Wani ya kawo rautarsa ko MiFi mai ramin kebul ya soka a suwic don ya samu waifai a ofishinsa. Ita ma tana da nata DHCP, sai a wayi gari masu rabawa biyu ne a netwok ɗaya, duk wanda ya riga amsawa shi kwamfuta ke bi. Alamarsa ita ce ka ga wata kwamfuta da lambar da ba taku ba kwata-kwata. In ka ga 192.168.8 wani abu, nemi na'urar Huawei, da 192.168.8.1 suka saba zuwa. In 192.168.88 ne, MikroTik ce. Rubuta ipconfig /all, akwai layin da ke nuna adireshin DHCP ɗin da ya ba ta lamba, nan za ka kama shi. Haka in makarantar za ta sa kyamarori, ka sani na Hikvision da 192.168.1.64 suke fitowa, na Dahua da 192.168.1.108. A canza wa kowace lamba kafin a jona ta biyu. Tsarin Injiniya na barin 192.168.1 ga na hannu zai taimake ka a nan. Ka sami littafi ka rubuta kowace lamba da na'urar da aka ba.

Sai wuta. In an ɗauke aka tada janareta, kwamfutoci kan riga rauta da suwic gama tashi. Su nemi DHCP ba ya nan, su faɗa 169.254 alhali lambobi na nan birjik. Windows takan sake nema bayan kowane minti biyar, amma minti biyar a tsakiyar jarrabawa ba ƙaramin abu ba ne. Rauta da uwar garke da duk suwic ɗin ka ɗora su a kan inbata ko UPS.

Kuma don Allah kada wani ya ce tunda 192.168 ta yi kaɗan bari a zarce 192.169, ko daga 172.31 a wuce 172.32. Waɗannan adireshin waje ne, suna da masu su. Netwok ɗin zai yi kamar yana aiki, sai ranar da aka nemi wani shafi da ke zaune a lambobin nan a ga ya ƙi buɗewa.

Malamin Kwamfuta, Funtuwa:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara ilimi. Malama, na rubuta 1 da 2 da 254 da 252 a allo da bit kamar yadda Injiniya ya jera, na sa yara su rufe ginshiƙin ƙarshe da hannu, sannan biyun ƙarshe. Wata yarinya ce ta fara cewa, "Malam, ke nan 248 za ta haɗa takwas?" Na ji daɗin wannan tambayar ƙwarai.

Ga inda na tsaya. Na canza maskin rauta da na uwar garke zuwa 255.255.252.0. Kafin in mayar da talatin ɗin, na gwada canza maskin guda ɗaya daga cikinsu kawai, nan take ta buɗe shafin jarrabawa. Amma abin da Mai Gyara ya hango shi ya faru: wurin DHCP ya ƙi karɓar iyakar da ta tashi daga 2 ta ƙare a 3, lambar ƙarshe kawai yake bari in taɓa. Yanzu sai mu sayi wata rautar, ko in bi su ɗaya bayan ɗaya in rubuta da hannu?

Tsohon Injiniya, Kaduna:

Ka gaishe min da yarinyar, amsarta daidai ce: 255.255.248.0 tana haɗa 0 zuwa 7, na'ura 2,046.

Ba lallai DHCP ya zauna a cikin rauta ba. Wace manhaja ce a kan uwar garken? In Windows Server ce, tana da nata DHCP, kunna shi kawai za a yi. In Linux ce, manhajar dnsmasq za ta yi aikin da layi kaɗan. Ka ba shi iyakar nan ta 192.168.2.1 zuwa 192.168.3.254, maski 255.255.252.0, getwe 192.168.1.1, sannan ka kashe na cikin rautar, kada su zama biyu. Wannan ya fi min ma, don ko rautar ta mutu ranar jarrabawa, kwamfutoci za su samu lamba su isa uwar garke, muddin suwic ɗin na haɗe da juna kai tsaye, ba ta cikin rautar ba.

Rubutawa da hannu ma ba laifi ba ne a zauren jarrabawa, yana da amfaninsa. Kujera ta 1 zuwa 250 su zama 192.168.2.1 zuwa 192.168.2.250, na ko-ta-kwana 25 ɗin su zama 192.168.3.1 zuwa 192.168.3.25. In uwar garke ta nuna 192.168.2.143 ta yanke, ka san kujerar da za ka nufa ba tare da bin layi-layi ba. Wahalarsa ita ce duk ranar da za ka canza getwe ko maski sai ka sake zaga 275. In kana son ribar biyun, yi amfani da DHCP amma ka ɗaure kowace lamba da MAC ɗin kwamfutar da ke kujerar. Rubuta getmac a jikin kowace zai nuna maka lambar, ka tabbata ta katin kebul ka kwafa ba ta waifai ba. Aikin rana ɗaya ne in manyan ɗalibai suka taya ka, kowane ya ɗauki layi ɗaya da takarda.

In masu duba cibiya suka zo da nasu tsarin lambobi, nasu za ka bi ranar jarrabawarsu. Ka faɗa min manhajar da ke kan uwar garken in rubuto maka matakan.